A Motar Raguna Muka Je Basam

A Yamai aka fara cutata, tun ban ma fita ƙasar da ake jin Hausa ba.

Sunana Sahabi, mutumin Illela. Kafin wannan tafiya kabu-kabu nake yi, in ɗauki fasinja daga bakin kasuwa in ƙetara da shi Ƙwanni, in dawo da wani. Da harkar ta ja baya, mashin kuma ya tsufa, sai na sayar da shi na bi maganar da samari ke yi a lokacin, wai a Abijan akwai nema. Na bar matata Saratu a gidan mahaifinta a Gidan Katta, tana goyon jaririyar da muka sa wa sunan mahaifiyata, muke kiranta Inno.

Ina tsaye a tashar Yamai ina tambayar motar Wagadugu, sai wani mutum mai tsabtar riga ya dafa kafaɗata.

“Wanga baki na Illela na, ko ƙarya nika yi?”

Na ce masa gaskiyarsa. Ya ce shi ɗan Tozai ne, ya tambaye ni damina, ya tambayi ko tafkin Kalmalo ya kawo ruwa bana. Ya saya mini shayi da burodi. Sannan ya ce ba a shiga Burkina sai an buga wa katin shaida hatimi, shi kuwa ya san mai bugawa. In ba shi katin, in ba shi jakata ya sa a mota ya kama mini wurin zama, in jira shi nan wurin mai shayi. Na ba shi duka, har ina yi masa godiya.

Na zauna tun hantsi har aka kira la'asar. Mai shayin da ya gaji da ganina ya ce, “Ɗan'uwa, wa kaka jira?”

Na gaya masa.

“Wancan? Jiya ɗan Tawa na, shekaranjiya ɗan Maraɗi. Tashi ka yi salla.”

Abin da ya rage mini shi ne rigar jikina da ɗan guzurin da Saratu ta ɗinke mini a ƙugun wando. Na yi tunanin komawa. Amma da na tuna yadda zan sauka bakin kasuwar Illela ba mashin ba jaka, abokan kabu-kabu suna kallona, sai na ji gaba ta fi mini sauƙi.

Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya ɗauko albasa daga Galmi ya yarda in hau saman kaya. Duk shingen da muka iso sai jandarma ya sauke ni saboda ba ni da kati, direban ya sauko ya yi ta roƙo. Ya yi haƙuri da ni har Bobo. A can ya ce albasarsa za ta ruɓe a kaina, ya yi mini addu'a ya wuce. Ban ga laifinsa ba.

A Bobo na yi dako a tasha. Akwai wata tsohuwa mai sayar da koko a ƙofar tashar, ba ta jin Hausa, ni kuma ba na jin ko kalma ɗaya ta Julanci. Ranar farko na tsaya nesa ina kallon tururin kokon. Ta ɗaga ludayi ta yafito ni. Na nuna mata tafin hannuna, alamar ba ni da komai. Ta harare ni kamar na zage ta, ta cika ƙoƙo ta miƙo. Haka ta riƙa yi kowace safiya, ko na samu ko ban samu ba. Ranar da zan wuce ta ƙulle mini gyaɗa a leda, ta yi wata doguwar magana tana nuna sama. Na ce amin. Har yau ban san sunanta ba.

A Buwake zazzaɓi ya kayar da ni. Na kwanta a barandar wani masallaci ina rawar sanyi ga rana tsaka, ina jin kamar muryar mahaifiyata a bayan katanga. Ladanin masallacin ne ya riƙa jiƙo mini wani ganye mai ɗaci yana ɗura mini, har na iya tsayuwa da ƙafata.

Da na shiga Abijan ruwan sama ake yi, irin wanda ban taɓa gani ba, ba iska ba tsawa, zuba kawai kamar an manta da shi. A kasuwar Ajame na bi ƙamshin gashi har na tarar da rumfar wani dattijo Ba'adare, Alhaji Mamman, mahauci ne mai yara da yawa a ƙarƙashinsa. Ya saurari labarina yana fiɗa, bai ko ɗago kai ba. Da na gama ya ce in nuna masa hannuna.

“Ka taɓa riƙon wuƙa?”

“Sai dai ta layya, Alhaji.”

“To, za ka koya. Tahi ka wanke wancan faranti.”

A gida, ɗan gidanmu ba ya fawa, kowa da sana'ar da ya gada. A Ajame babu mai tambayar ɗan wa kake. Na koyi fiɗa, na koyi yanka, na koyi haɗa yaji, na koyi gashin da mutanen can ke kira cukuya suna rububinsa. Na tsinci Faransancin kasuwa da ɗan Julanci. Alhaji Mamman ne ya kai ni da kansa aka yi mini sababbin takardu, na daina ɓuya in na hango ɗan sanda.

Kewar gida kuwa ranar Lahadi ta fi kama ni, ranar kasuwar Illela. Ina juya nama a kan wuta, amma idona na ganin raƙuma a kara, da 'yan canji riƙe da damin sefa, da matan Fulani da ƙoren nono a gindin bedi, wato dogon yaro. Na taɓa sayen wata fura a Ajame da aka dama da madarar gari. Kurɓa ɗaya na yi na ajiye, na koma bayan rumfa na zauna ni kaɗai.

Bayan wasu shekaru Alhaji ya sallame ni da albarka, na kafa teburina a unguwar Abobo. Kusa da ni akwai wata mata, Maman Ahu, mai sayar da aceke, wato garin rogo da suke turarawa a ci da kifi ko nama. Kirista ce, 'yar ƙasar, ta kusa haifata. Masu sayen acekenta su sayi namana, masu sayen namana su sayi acekenta, haka muka zama kamar 'yan gida ɗaya. Da na kama ɗaki a wani gidan haya, sai na aika Saratu da Inno su taho.

Na daɗe ina ƙiyasta ranar zuwansu. Ban taɓa kawowa a raina cewa yarinyar za ta ɓuya bayan uwarta ba. Ta kai shekara shida, ba ta san ni ba sai murya a waya. Na miƙa hannu, ta ƙanƙame zanen uwarta. Saratu ta ce, “Babanki na hwa.” Yarinyar ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa, ta shaƙi ƙaurin hayaƙin da ke jikina, ta ce, “Wanga mai nama na.”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma sunan ya zauna. Mai nama ya dawo, mai nama ya fita. In na kawo mata alewa sai ta karɓa ta hannun uwarta.

Saratu ma ba ta ji daɗin wurin ba. Ɗaki ɗaya ne, tsakar gida kuma ta mutane da yawa, kowa da yarensa. A Gidan Katta tana da ƙawaye, tana da 'yan'uwa, tana koya wa yaran mata karatu a makarantar mahaifinta. A Abobo ko gaisuwa ba ta iya mayarwa. Damina ta kama, kayan sawa suka ƙi bushewa, bango ya yi funfuna. Ni kuma in fita da safe, sai bayan isha. Ta daina leƙa ko ƙofar gida. Ta rame har awarwaronta na zamewa.

Wata safiya ina ɗaure yaji ta ce, “Malam, ina da magana.”

“Ina jin ki.”

“Ban iyawa. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. An ce akwai motar albasa da ka komawa Galmi ƙarshen wata. Ka sa mu ciki.”

Ban yi mata faɗa ba, don na san abin da take ji, na ɗanɗana shi. Na ce ta bari in yi tunani. Amma na san in suka hau motar nan, shi ke nan, zan koma murya a waya, yarinyar kuma ta girma tana kirana mai nama.

Ana cikin haka, wata rana ruwa ya hana ni fita da wuri. Inno na tsugune a bakin ƙofa tana kallon yadda ruwa ke gudu a kwata. Ta tambayi uwarta ina duk ruwan nan yake zuwa. Saratu ta ce teku. Ta ce mi ne ne teku? Saratu ta ce wani ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, ita ma a karatu ta san shi. Sai yarinyar ta juyo ta dube ni. Wannan ne karo na farko da ta fara yi mini magana da kanta.

“Mai nama, kai ka taɓa ganin teku?”

Sai na ji kunya. Shekaru ina garin da ke bakin teku, amma daga ɗaki sai kasuwa sai tebur. Na ce, “Ban taɓa ba. Amma in kina so, ni kai ki.”

“Da Inna?”

“Da Innarki.”

Ta koma kallon kwata. Ni kuwa na riƙe maganar da hannu biyu.

Na gaya wa Maman Ahu. Ta tafa hannu ta ce ai ba sai an yi shawara ba, Basam za mu. Tsohon gari ne a bakin teku, ba nisa da Abijan, tun zamanin Turawa can ake zuwa shan iska, ita ma can aka kai ta tana yarinya. A je da safe a dawo da yamma.

Da na kai wa Saratu maganar sai ta ɓata fuska.

“Bakin ruwa? Inda aka shan giya, mata na yawo tsirara? Malam, in Baba ya ji ka kai ni wurin nan, mi za ni ce mai?”

Gaskiyarta ce, ni ma na ji ana faɗin haka. Na ce ta ba ni dama in je in gani da idona. In babu wurin da ɗiyar malam za ta zauna da mutuncinta, na bar maganar.

Na rufe tebur ranar wata Lahadi na hau mota ni kaɗai. Hanya ta miƙe tsakanin itatuwan kwakwa da rumfunan masu sassaƙa da masu saƙar kujeru. Muka ƙetare wata gada, muka shiga tsohuwar unguwa mai manyan gidajen bene na da, wasu an gyara, wasu itatuwa sun tsiro ta tagoginsu. Tun kafin in ga ruwan na ji ƙararsa, na ɗauka wani inji ne. Na bi wani lungu tsakanin gidajen cin abinci, sai ga shi.

Na tsaya. Ni da babban ruwan da na sani shi ne Kalmalo, ga ruwa ya tashi ya fi tsayina, ya faɗo, ya koma, ya sake tasowa, ba hutawa. Na yi ta salati ban san ina yi ba.

Da hankalina ya dawo sai na ga abin da Saratu ke tsoro. Kiɗa ko'ina, kwalabe, mutane kwance da ɗan abin da bai kai kamfai ba. Na kama tafiya a kan rairayi ina nisa da hayaniyar, har gidajen suka ƙare, na iso wurin da masunta ke jan kwalekwalensu. Wani tsoho na zaune a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa yana ɗinkin tarun kamun kifi. Na gaishe shi da Faransancina na kasuwa, na gaya masa abin da ke tafe da ni.

Ya yi dariya har haƙoransa biyu suka fito. Ya ce laifina ne da na zo ran Lahadi. In zo ran Litinin, ba kowa sai su da kaguwa. Rumfar nan tasa ce, in kawo iyalina su zauna. Akwai rijiya a bayan gidansa ta alwala, akwai masallaci a cikin gari. Sannan ya daina dariya, ya kama hannuna ya nuna mini ruwan. Ya ce wannan tekun ba na wanka ba ne, yana ja ta ƙasa, ya ci waɗanda suka iya iyo ma. Kada in bar yarinya ta wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu, kada kuma in saki hannunta.

Na dawo na zayyana wa Saratu komai, har abin da na gani mara kyau ban ɓoye mata ba. Da na gama sai ta ce, “To mi za mu ci can? Ni ban cin abincin da ban san wa ya dahwa ba.”

Na ce, “Wannan kuma ke za ki faɗa.”

Ta ce masa za ta yi, da dambu, da fura in za a sami gero na kirki. Amma ba ta yarda in sayo ba, wai duk shinkafar da nake kawowa ba ta masa ba ce. Na ce to sai dai ta je kasuwa da kanta. Na zaci za ta ƙi. Washegari sai ga ta da hijabi tana jiran Maman Ahu a bakin ƙofa.

Sun daɗe ba su dawo ba har na fara damuwa. Da suka shigo, Maman Ahu na dariya tana ba ni labari. Wai Saratu ba ta jin ko kalma, amma ta tsoma hannu a buhun gero ta shinshina ta ture, ta sa mai kaya ya buɗe wani, har ta rage masa kuɗi da yatsu. A can kuma ta ji wasu mata na Hausa, 'yan Dogon Dutsi, ta tsaya suka yi ta gaisawa kamar ba za a rabu ba. A wurinsu ta aro tandar suya. Ranar ce na fara jin Saratu na magana da ƙarfi a tsakar gidan nan.

Kwanakin da suka biyo ɗakinmu ya zama kamar ana shirin suna. Ana surfe, ana jiƙo, ana daka yaji. Matan gidan da ba ta taɓa yi wa magana ba suka riƙa leƙowa suna tambayar mene ne wannan, tana nuna musu da hannu. Inno kuwa kullum in na dawo sai ta tsaya nesa kaɗan ta jefo tambaya. Akwai kada a ciki? Wa ya zuba mai gishiri? In dare ya yi ana rufe shi? Wadda na sani in amsa, wadda ban sani ba in ce sai mun je mu tambayi tsohon.

Saura mota. Na yi magana da wani direban ƙaramar motar haya da ke sayen nama wurina, muka shirya zai zo ran Litinin da sassafe ya kai mu, ya jira, ya dawo da mu. Ya rantse har da dafa ƙirji.

Ran Litinin tun asuba Saratu ke suya. Gari na wayewa an cika kwanuka, an ɗaure tabarmi da buta. Inno ta sa kayanta na Salla, an yi mata kitso da kwalli. Maman Ahu ta iso da ƙaton kwando, ta ce ita ma yau ba ta sana'a. Muka fito ƙofar gida muka tsaya.

Rana ta fito, ba mota. Na kira wayarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Hantsi ya yi. Can wani yaron tasha ya gaya mini ai tun jiya direban ya sami masu biki ya tafi da su wani gari. Motocin layi kuwa sai mun canza sau uku da wannan uban kaya, kafin mu isa rana ta raba.

Na dawo na tarar Inno ta zauna a kan ƙullin tabarma. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, sannan ta fara cire takalmanta na Salla. Saratu ta ce a hankali, “Ba komi, Malam. Mu shiga da kayan.”

An cuce ni a Yamai na haƙura, an bar ni a Bobo na haƙura. Wannan kam na ji ba zan iya haɗiye ta ba. Na ce kada wanda ya taɓa kayan nan. Na kira Alhaji Mamman, ina magana muryata na rawa.

Ya ce, “Kai Sahabi, don wagga 'yar magana kaka kuka? Mota ɗaya gare ni, ta raguna. In ba ku ƙyama, ga ta nan tahe.”

Ba a jima ba sai ga a-kori-kurar da ake ɗauko masa raguna daga kara, Alhaji da kansa a gaba da direbansa. Bayanta duk kashin dabbobi da ɓurɓushin harawa, wari kuwa ba a magana. Na dubi Saratu. Ta dubi motar, ta dubi 'yarta. Sai ta naɗe hannun hijabi ta ce, “A ba ni tsintsiya.”

Matan gidan suka fito da bokitai da sabulu. Wata na zuba ruwa, wata na gogawa, Maman Ahu na ba da umarni da yare uku. Kafin a jima bayan motar ya yi fes, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗaura zane a sama saboda rana. Alhaji ya ce shi ma shekarunsa a ƙasar nan sun fi na Inno sau biyar, bai taɓa zuwa Basam ba, ba kuwa za a bar shi ba. Muka sa shi gaba, mu muka hau baya.

Haka muka ratsa Abijan a motar raguna, mutane na kallonmu muna kallonsu. Da muka hau babbar gada iska ta ɗebe ɗankwalin Inno, na cafe shi a sama. Ta yi dariya, ta matso ta riƙe gwiwata don kada ta faɗi, ba ta kuma sake ba har muka isa.

Tsohon bai yi ƙarya ba. Rairayin fari fat, ba kowa sai kwalekwale da masu jan taru can nesa. Ya share rumfar, har ya sare mana kwakwa. Saratu ta sauko, ta yi taku kaɗan ta tsaya. Na ga leɓɓanta na motsi. Ta daɗe a haka, iska na kaɗa hijabinta, hawaye na zuba ba ta share ba. Sannan ta ce, “Ashe haka abin yake. Mun karanta, mun karantar, ashe ba mu san mi muka faɗi ba.”

Inno ta ƙi matsawa kusa. Na tsuguna na ce ta hau wuyana, ruwan bai isa ya kai can ba. Ta yi shawara da ranta, sannan ta hau, ta riƙe kunnuwana kamar kan mashin. Na taka har inda kumfa ke iso wa idon sawuna. Igiyar ruwa ta taso, ta ƙwala ihu, ta faɗo ta watse a ƙafafuna, ihun ya koma dariya. Ta ce a sake. Muka sake. Daga baya ta sauko da kanta, hannunta cikin nawa, ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar, ta ruga ta gaya wa uwarta wai miyar ta yi gishiri. Ba a ranar ta fara ce mini Baba ba, wannan sai daga baya, wata rana da ban ma lura ba sai da Saratu ta taɓa ni. Amma tun daga ranar ba ta ƙara karɓar abu ta hannun wani ba.

Bayan azahar na kira ƙanena a Illela ta wayar hoto, na ce ya kai wa mahaifiyarmu. Kafin a jima fuskoki sun cika wayar, maƙwabta da yara da abokaina na kabu-kabu, kowa na ture wani. Na juya musu ruwan. Sai muryar tsohuwa ta fito da ƙarfi:

“Sahabi! Ku ja da baya! Ka ɗauke mini takwarata daga bakin wanga abu!”

Na ce, “Inna, muna nesa da shi.”

“Nesa ina? Ga shi nan yana tahowa, ina ganinai!”

Har Alhaji Mamman sai da ya riƙe ciki.

Da aka buɗe kwanuka, Saratu ta ce a kira tsohon da mutanensa. Masuntan suka zo suna goge hannu a wando. Ba su taɓa ganin masa ba. Tsohon ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya dangwali yaji ya kai baki. Ya tauna, ya rufe ido, ya miƙa hannu ya ɗauki biyu. Kafin ka ce me, kwano ya koma wayam, matansu na tambayar Maman Ahu a ina ake sayar da wannan abu a Abijan. Maman Ahu ta nuna Saratu ta ce, ga mai shi nan. Saratu ta rufe fuska da hijabi, amma na ga tana murmushi. Su kuma suka gasa mana kifin da aka fito da shi a gabanmu, muka ci da aceke har muka kasa tashi.

Muka yi la'asar a kan rairayi, Alhaji ya ja mu. Sannan muka kama hanya rana na sauka bayan itatuwan kwakwa. Inno ta yi barci a ƙirjina, ƙafafunta duk yashi, hannunta dunƙule da bawon katantanwa. Maman Ahu na gyangyaɗi. Mun kusa shiga gari Saratu ta matso kusa da ni don kada iska ta ɗauke maganarta.

“Malam, motar albasar nan, yaushe ta ka tashi?”

Na ce, “Jibi.”

“To, ka samu direban ka ba shi saƙo. In ya kai Ƙwanni ya aika Gidan Katta, a ce wa Innata ta ba shi tandata babba da ke bayan ɗaki, da ludayina na ƙullu. Wagga ta aro ƙarama ta, ba ta isa sana'a.”

Ta gyara wa Inno ɗankwali, ta ƙara da cewa, “Kuma ka matsa da teburinka kaɗan wajen hagu. In na aje tandata kusa da kai, hayaƙinka na iya ɓata mini ƙullu.”